Shekaru Ba Sa Yanke Farashi: Martani Kan Ƙimar Tsofaffin Kayan Gareji

Tsofaffin kayan gareji suna da kasuwarsu ta musamman a Amurka da Ingila da Jamus da Ostareliya, kuma ta sha bamban da kasuwar gwanjo inda bakanike ke sayen sifana don ya nemi abinci da ita. Kayan da ake ciniki a cikinta sun haɗa da sifanoni da filaya da jak da akwatunan kayan aiki, da kuma kayan gidajen mai na da: famfunan mai, ƙwallayen gilashi masu fitila da ake ɗorawa a kansu, gwangwanayen baƙin mai, da allunan talla na ƙarfe. Masu sayensu tarawa suke yi, su jera a bango ko a kanta. Duk watan Oktoba dubbansu kan hallara a garin Hershey na jihar Pennsylvania, a Ingila kuwa ana cin irin wannan kasuwa a Beaulieu tun 1967.

A kwanakin baya wani marubuci ya yi sharhi a kan yadda ake yi wa waɗannan kaya kuɗi, ya jingina hujjarsa da karin maganar nan mai cewa da tsohuwar zuma ake magani. A ganinsa shekarun abu su ne ma'aunin darajarsa, don haka aikin mai kaya na farko shi ne ya gano shekarar da aka ƙera shi. Daga nan ya shawarci mai kaya ya kankare tsatsa, ya goge ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya sake fenti, sannan ya leƙa intanet ya ga kuɗin da wasu suka sa wa irin kayansa, ya ɗauki wannan a matsayin farashi. Shawarar tana da daɗin ji saboda sauƙinta. Sai dai wanda ya bi ta zai yi asara ta fuska biyu: zai ɗora wa abin da ba shi da mai nema kuɗin da ba wanda zai taya, kuma zai lalata da hannunsa abin da ke da mai nema.

Maganar shekaru ita ce tushen kuskuren. Kamfanin Ford ya ƙera motar Model T daga 1908 zuwa 1927, fiye da guda miliyan 15, kuma kowace takan fito da 'yan kayan aikinta masu ɗauke da sunan kamfanin. Yawancin motocin sun daɗe da zama tarihi, amma sifana ba ta ruɓewa da sauri, kuma ba ta cin wuri. An bar su a rumbuna da akwatuna da aljihun tebur. A yau sifanar Ford da ta haura shekara 100 tana nan birjik a kowace kasuwar tsofaffin kaya a Amurka, ana sayar da ita a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Haka abin yake ga sifanar bututu ƙirar Daniel Stillson, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1869. Ta yi amfani ƙwarai har kamfanoni da yawa suka yi ta ƙera ta shekara da shekaru, kuma wannan nasara ita ce ta hana tsofaffinta yin tsada.

A gefe guda akwai jakar kayan aiki da takan zo da motocin Ferrari na shekarun 1960. Ta fi sifanar Ford ƙuruciya da kusan rabin ƙarni, ƙarfen da ke cikinta kuma bai fi na kowa inganci ba, amma cikakkiyarta ta asali tana kaiwa dubban daloli. Motocin kaɗan aka ƙera, jakunkunan sun fi motocin saurin ɓacewa, masu motocin attajirai ne, alƙalan gasar nuna tsofaffin motoci kuma suna duba ko kayan aikin mota na asali suna nan. Irin wannan dalili ne ya ɗaga darajar zagayayyen akwatin kayan aiki na kamfanin Hazet na Jamus, wanda aka yi shi daidai da cikin tayar safaya ta Volkswagen. Ko a cikin kayan Ford ɗin ma, na'urori na musamman da kamfanin K. R. Wilson na garin Buffalo ya yi wa garejin dillalan Ford sun fi sifanar da ta zo da mota daraja nesa ba kusa ba, duk da cewa da yawansu sun fi ta ƙarancin shekaru.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne farashi yana fitowa ne daga haɗuwar abu biyu: nawa suka rage, kuma mutum nawa ke nemansu da kuɗi a hannu. Marubucin yana da ɗan gaskiya a wuri guda, domin daɗewa takan rage yawan abin da ya tsira. Amma wasu abubuwan sun fi daɗewa ƙarfi wajen rage yawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tattara tsofaffin ƙarafa a Amurka da Ingila an narkar don ƙera makamai, allunan talla masu yawa suka tafi a nan. Waɗanda suka rage a bakin hanyoyin karkara, mafarauta sun mayar da wasunsu abin gwajin bindiga. Wasu kuma kamfanin da ya yi su ne bai yi tsawon rai ba.

Allon Musgo shi ne misali mafi shahara. Musgo sunan man fetur ne da aka sayar na ɗan lokaci a garin Muskegon na jihar Michigan a shekarun 1920. Da kasuwancin ya rushe, an yi amfani da allunan da yawa wajen rufe ramukan masai, abin da ya cinye fuska ɗaya ta kusan duk wanda aka tono daga baya. A watan Agusta na 2022 kamfanin gwanjo na Richmond Auctions da ke jihar South Carolina ya sayar da wani mai faɗin inci 48, mai zane a fuska biyu, wanda bai taɓa shiga ƙasa ba, a kan dala miliyan 1.5. Allunan manyan kamfanoni irin su Texaco da Shell na wancan zamani suna da yawa, kuma ba sa kusantar wannan kuɗi. Shekarunsu ɗaya da na Musgo. Abin da ya raba su shi ne ƙaranci, da kyan zane, da lafiyar allon.

Kyan zane abu ne da marubucin bai ko ambata ba, alhali a kayan gidan mai yana cikin manyan abubuwan da ke jan mai saye. Gwangwanin baƙin mai da aka zana wa jirgin sama ko motar tsere ko dabba ya fi wanda rubutu kawai ke jikinsa kasuwa, ko da na biyun ya girme shi. Girma ma yana da nasa hukunci, wanda sau da yawa yakan saɓa wa zato. Kamfanin Wilton na Chicago, wanda ya fara aiki a 1941, ya shahara da abin damƙe ƙarfe da ake kafawa a kan teburin aiki. Mafi ƙanƙanta a cikinsu, mai baki inci 2, yakan fi manya da yawa tsada, saboda kaɗan ne aka yi kuma yana zama a kan kanta ba tare da cin wuri ba. Akwai kuma batun tsara. Mutum yakan nemi abin da ya gani a garejin mahaifinsa yana yaro, a lokacin da ya manyanta ya sami abin hannu. Idan wannan tsara ta shuɗe, masu neman kayan zamaninta sukan ragu, farashi ya tsaya ko ya sauka, ko da yake kayan sun ƙara shekaru.

Ko da an yarda cewa sanin shekara yana da amfani, kuma yana da shi wajen gane ainihin abin da ke hannu, hanyar da marubucin ya nuna ba ta da tabbas. Ya ce a karanta kwanan watan da ke jikin ƙarfe. Wannan kwanan wata galibi na rajistar ƙirƙira ne, kuma abin da yake tabbatarwa kawai shi ne ba a ƙera kayan kafin ranar ba. Kamfani yana iya ci gaba da buga shi shekaru masu yawa bayan haka. Masana suna haɗa alamu da dama. Kamfanin Snap-on, wanda Joseph Johnson da William Seidemann suka kafa a Milwaukee a 1920, yana buga wata 'yar alama da ke nuna shekarar ƙira tun ƙarshen shekarun 1920. Kamfanin Plomb na Los Angeles ya koma amfani da sunan Proto a ƙarshen shekarun 1940 bayan shari'ar da wani kamfani mai suna Plumb ya kai shi, don haka sunan da ke jikin sifana yana nuna kafin ko bayan wannan sauyi. Gwangwanin Amurka da ke da lambar ZIP ta gidan waya a adireshinsa bai girmi 1963 ba, wanda ke da zanen layukan da na'urar kanti ke karantawa kuwa bai girmi shekarun 1970 ba. Kayan da aka rubuta wa Jamus ta Yamma sun fito ne tsakanin 1949 da 1990.

Shawarar gogewa da sake fenti ta fi duk sauran haɗari, domin kuskuren farashi ana iya gyara shi gobe, amma abin da aka kankare ya tafi ke nan. Allunan talla masu daraja ba fenti ne a jikinsu ba. Garin gilashi mai launi ake shafawa a kan farantin ƙarfe, a gasa a wuta mai tsanani har ya narke ya manne, launi bayan launi, irin rufin da ke jikin tsofaffin kwanukan langa da kwalla da iyaye mata ke jerawa a ɗaki. Shi ya sa idan aka shafa yatsa a kan allo na asali akan ji tudun wani launi a kan wani. Idan wuri ya ɓantare, ba fentin da zai mayar da shi yadda yake. Masu tarawa suna auna lafiyar allo da maki daga 1 zuwa 10, kuma tazarar kuɗi tsakanin mai maki 7 da mai maki 9 tana iya ninkawa sau da yawa. Allon da aka cike ɓantarensa aka fente yana fita daga wannan ma'auni ya shiga rukunin gyararru, kuma mai saye da ya san kasuwa yakan fifita na asali mai tabo a kan gyararre mai sheƙi. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita takan tona wurin da aka taɓa. Garin neman gira ake rasa ido.

Kayan hannu ma haka ne. Injin goge ƙarfe yana cinye tambarin kamfani da lambar ƙira da alamar shekara, wato duk abin da ya bambanta wannan sifana da sauran ƙarafa. Yana kuma cire rufin asali. A nan akwai batun lafiya da ya kamata a faɗa ko da ba a maganar kuɗi: a shekarun yaƙi, da aka taƙaita amfani da wasu ma'adinai a Amurka, an rufe kayan aiki da yawa da sinadarin kadmiyam, wanda ƙurarsa guba ce ga huhu da ƙoda, tsofaffin fenti kuma da yawa suna ɗauke da dalma. Wanda ya kafa irin wannan sifana a injin gogewa cikin rufaffen gareji yana shaƙar abin da zai cutar da shi. Abin da masana suka yarda da shi kaɗan ne: a share ƙura da datti da ruwan sabulu mai laushi, a busar sarai, a shafa ɗan mai ko kakin zuma don tsatsa ta tsaya inda take. Tsayar da lalacewa daban, sauya kama daban.

Wuri ɗaya da maganar marubucin ta fi kusa da daidai shi ne famfunan mai. Tun famfon kananzir da Sylvanus Bowser ya ƙera a garin Fort Wayne a 1885, zuwa dogayen famfunan shekarun 1920 masu tulun gilashi a sama, inda ake tura mai da hannu ya cika tulun galan 10 mai saye yana gani kafin ya gangara cikin tanki, waɗannan na'urori yawancinsu a waje suka yi rayuwarsu, cikin ruwa da rana. Da yawa sun iso a ruɓe, kuma akwai masu saye da ke son gyararre don ado. Amma ko a nan lissafin bai cika fita ba. Kuɗin kankara da fenti da sabon gilashi da sassan da aka sake ƙerawa yakan cinye ribar, famfon da ya tsira da fentinsa na asali kuma yana da nasa masu nema da ba sa son a taɓa shi. Mai gyara da sana'arsa ke nan yana iya cin riba. Magajin da ya sayo gwangwanin fenti a kanti da wuya ya ci.

Marubucin bai ce komai ba game da jabu, alhali duk inda kuɗi ya taru jabu na biye. Ana ƙera sababbin alluna da siffar tsofaffi, a ɓantare gefensu da gangan, a jiƙa su da sinadari don su yi tsatsa. Mai bin ƙa'idar tsufa shi ne ya fi saurin faɗawa wannan tarko, tunda kamannin tsufa shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo. Masu ido suna duba girman allo ko ya dace da wanda kamfanin ya taɓa yi, da yawan ramukan kusa da wurarensu, da siffar haruffa, da sunan masana'anta a ƙasan allo, da launin tsatsa: ta shekaru takan yi duhu ta kama jiki, ta jiya kuwa ja ce mai haske da ke fita a yatsa. Akwai ma allunan da ba su taɓa wanzuwa a zamanin da ake jingina su gare shi ba. Saboda haka tarihin hannun da abu ya bi, daga wane gidan mai ya fito, wa ya ajiye shi, akwai hoto ko rasiti, yana ƙara masa kuɗi na gaske.

Saura batun leƙa intanet. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san bambancin kuɗin da mai kaya ya yanka, da tayin mai saye, da sallama. Abin da ake gani a shafin eBay da makamantansa yawanci kuɗin yanka ne, kuma kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Kayan da aka sa wa kuɗi daidai sukan tafi da wuri su ɓace daga shafi, waɗanda aka tsawwala wa su ne ke zama wata da watanni kowa yana gani. Mai leƙawa yana kallon ragowar da kasuwa ta ƙi ne, ya ɗauka ita ce kasuwa. Abin dogaro shi ne jerin waɗanda aka riga aka sayar, da sakamakon gidajen gwanjo irin su Morphy Auctions na Pennsylvania, kuma a nemi misalai da dama na kwanan nan, masu ƙira ɗaya da lafiya ɗaya. Ciniki guda da ya yi tashin gwauron zabo yana iya zama mutum biyu ne suka yi ja-in-ja a rana ɗaya. Littattafan farashi suna da amfani wajen gane kaya, amma alƙalumansu na shekarar da aka buga su ne.

Ko kuɗin sallama ma ba shi ne ke shiga aljihun mai kaya ba. Gidajen gwanjo suna karɓar la'ada daga ɓangare biyu. Christie's da Sotheby's suka fara ɗora wa mai saye kashi 10 cikin 100 a 1975, a yau kuma kashi 20 ko fiye ba baƙon abu ba ne. A misali, idan guduma ta faɗi a dala 1,000, aka ɗora wa mai saye kashi 20, aka cire wa mai kaya kashi 15, jarida za ta ce an sayar a dala 1,200, mai kaya kuwa dala 850 zai karɓa, kafin kuɗin ɗauko kaya. Nauyi yana da nasa haraji: jak ko famfon mai ko babban akwatin ƙarfe sau da yawa ba ya wuce kasuwar garin da yake, domin kuɗin aika shi ya fi ƙarfin ribar. Dillalin da ya zo gida ya taya rabin abin da zai sayar bai zama macuci ba saboda wannan kaɗai. Shi zai biya haya da sufuri, ya jira mai saye. Shirin talabijin na American Pickers da aka fara a 2010 ya ƙara wa mutane sha'awar waɗannan kaya, ya kuma sa da yawa suka zaci duk rumbu yana ɓoye da dukiya, domin kyamara ba ta tsayawa a kan tarin da ba shi da mai so.

Kalmar ƙima kanta ba ma'ana ɗaya gare ta ba, kuma marubucin ya cakuɗa su. Akwai ƙimar inshora, wato abin da za a kashe a sayo madadin abu daga kanti idan ya ɓata, ita ce mafi yawa. Akwai ƙimar kasuwa, wadda hukumar harajin Amurka ke fassarawa da kuɗin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai, kowannensu ya san abin da ake ciniki kuma ba wanda aka tilasta. Hukumar tana neman takardar ƙwararren mai ƙiyasi idan kyautar kaya da ake son a rage haraji da ita ta haura dala 5,000. Akwai ƙimar sayarwar gaggawa, lokacin da magada ke son su kwashe gida cikin mako guda. Akwai ƙimar aiki, wadda ta sa sifanar Snap-on ko Craftsman ta shekarun 1970 ke da mai saye a cikin kanikawa ko da masu tarawa ba su kula ta ba. A can ƙasa kuma akwai ƙimar sikeli, abin da 'yan gwangwan za su biya a kan kilo. Abu guda yana iya ɗaukar waɗannan alƙaluma duka a rana ɗaya, kuma mai ƙiyasi na gaskiya yakan fara da tambayar dalilin da ya sa ake son sanin kuɗin. Mai ƙiyasin da ke son sayen kayan da kansa, ko wanda ladansa kaso ne na kuɗin da ya faɗa, ba a dogara da bakinsa shi kaɗai.

Yawancin masu karanta irin shawarar marubucin magada ne da suka buɗe garejin uba ko kaka suka tarar da akwatuna, ba su san na ajiyewa da na zubarwa ba. Mafi yawan abin da za su tarar kayan aiki ne nagari masu ƙaramin kuɗi, kuma faɗa musu haka ya fi yi musu alkawarin dukiya. Ɗan abin da zai fita daban a cikin tarin, allo ne ko ƙwallon famfo ko cikakkiyar jakar kayan mota, darajarsa tana jikin fatarsa ta asali da tambarinsa da takardun da ke tare da shi. Wanda ya gaji irin wannan kaya ya ɗauki hotonsu yadda ya same su, kada ya raba saiti, kada ya yar da kwali ko rasiti, kuma kada fenti ko injin gogewa ya taɓa komai kafin wanda ya san kasuwar ya gani.